Bakin Teku a Bayan Gidan Malam Ashafa

Mu mutanen cikin birni Allah ya yi mana wani hali. Mutum ya fita bayan ganuwa ya kwana uku, in ya dawo sai ya ba ka labarin shekara uku, kuma ni mai faɗin nan ban cire kaina ba. Amma a wannan fanni duk unguwarmu ta Dukawuya babu wanda ya kama ƙafar Malam Ashafa baduku. A shekarun nan da ake jibge dalar gyaɗa a bayan gari ya raka fatun wani attajiri zuwa Ikko a jirgin ƙasa, ya yi kwana huɗu, ya dawo mana da teku a baki.

Kafin tafiyar nan Ashafa mutum ne kamar kowa. Ya ɗinka takalmi, ya yi kube da jakar fata, bayan la'asar ya zo majalisar gindin ɗurumi a yi musu da shi a kan komai da ba komai ba. Tun da ya dawo kuwa, ko atishawa ka yi sai ya ce iskar teku ce maganinta.

Wata ranar Asabar, majalisa ta cika, ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ku fa ba ku san ruwa ba. Abin da kuke kira ruwa wankin hannu ne. Teku ba shi da tsallake, ka hanga har idonka ya gaji ba ka ganin ɗaya gaɓar. Bakinsa kuma ba taɓo ba ne irin na kududdufanku, rairayi ne fari tas. Kun san wa ya yi rairayin? Ruwan ne da kansa. Raƙuman ruwa ke tasowa suna dukan duwatsu da ɓawon katantanwa, ba hutu, har su niƙe su."

Isyaku marini yana gefe yana sakace. Shi ne abokin musun Ashafa tun suna makarantar allo, kuma hannayensa sun rine da baba har gwiwar hannu. Ya ce, "Wato ruwan ne ke daka. To wa ke yi masa tankaɗe?"

"Kai dai saurara. Ruwan duk gishiri ne. Ko ƙishirwa za ta kashe ka ba ka iya sha."

"Gishiri dai mun san daga Bilma yake zuwa a bayan raƙumi. Wane mai arziki ne ya juye nasa a ruwa?"

"Allah ne ya zuba."

"To wannan ba musu. Ci gaba."

Ashafa ya rage murya, don ya zo kan babban labarin. "Sau biyu tsakanin yau da gobe ruwan ke janyewa, ya bar fili kamar filin idi. Ka taka, ka tsinci wuri da katantanwa. Can sai ya dawo ya rufe wurin kamar ba a yi ba. Wata ne ke jansa. Wani mai kamun kifi ya yi mini bayani."

"Da wane yare?"

"Da hannu."

Majalisa ta kwashe da dariya. Isyaku ya jefar da tsinken sakacen ya ce, "Ashafa, na yarda ka je Ikko, don na ga ka dawo da tari. Amma ruwa ya tafi ya dawo kamar mai kai talla? Gani ya kori ji."

Abin takaicin shi ne, duk abin da Ashafa ya faɗa gaskiya ne. Mu ne ba mu sani ba, shi kuma bakinsa ya riga ya ɓata masa shaida. Dariyar nan ta soke shi ƙwarai, har ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya ce, "Gani kuke so? Juma'a ta sama, in an sauko daga masallaci, kowa ya zo bayan gidana. Zan nuna muku bakin teku, da rairayinsa da gishirinsa da raƙumansa. Ruwa zai zo, zai kuma koma, a kan idonku."

Bayan gidan Ashafa akwai wani tsohon kududdufi, irin ramukan nan da aka haƙi ƙasar ginin unguwa. Katangar bayan gidan a bakinsa take. Mahaifin Ashafa ne ya gina ta, ya kuma tara wani tudun jar ƙasa a gindinta don ya raba ta da ruwa. Katangar nan ita ce suturar gidan gaba ɗaya, domin a tsallaken kududdufin hanya ce da jama'a ke bi, kuma in ba don ita ba duk mai wucewa sai ya ga tsakar gida har madafa. Matarsa Larai kuwa matar kulle ce, tun da aka kawo ta gidan babu baƙon namijin da ya san kalar zanenta.

A bana katangar ta tsage daga sama, ga damina ta kawo kai. Larai ta yi magana har ta gaji, daga ƙarshe aka shirya da Ilu magini zai zo ya yi mata yaɓe, aka kuma yi magana da masu jakuna su kawo ƙasa. Da Ashafa ya shigo gida ranar nan, ya tarar da ita tana tankaɗe.

Ta ce, "Malam, gobe ne masu jakunan?"

"Gobe ne. Amma rairayi za su kawo."

"Da rairayi ake yaɓe yanzu?"

"Yaɓe ya jira. Akwai mutuncina a gaba."

Larai ta ajiye rariya ta dube shi. "Mutuncin naka a majalisa yake. Nawa yana jikin katangar nan."

"Ke dai ba ki ga duniya ba."

"Gaskiya ne. Ba na kuma so ita ta gan ni."

Washegari da hantsi Ilu magini ya zo da kayan aikinsa, sai ya tarar da Ashafa ya tuɓe riga yana sarar tudun gindin katanga da diga, yana baje ƙasar cikin kududdufi. Ilu mutum ne marar yawan magana. Ya tsaya ya yi kallo na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Malam Ashafa, me tudun nan ya yi maka?"

"Bakin teku a kwance yake, gangare a hankali. Ba a yin sa da tudu."

"Tudun nan shi ne takalmin katangar. Kai baduku ne, ka san abin da ke samun ƙafa in ta taka ruwa ba takalmi."

"Ilu, kai ka san laka. Ni na san ruwa."

Ilu ya saɓa kayansa ya ce, "Allah ya ba da sa'a. In ka neme ni ina gida."

Kwana biyu jakuna suna zirga-zirga daga rafi, mangala bayan mangala, har bayan gidan ya yi fari fat tun daga gindin katanga zuwa bakin ruwa. A gaskiya wurin ya yi kyau. Ashafa ya cire takalmi ya taka, ya ji rairayi na ratsa yatsunsa, daɗi ya kama shi har ya yi wa kansa kirari a hankali.

Daɗin bai kwana ba. Da sassafe ya zagayo ya tarar da 'Yardada, tsohuwar da ke suyar gyaɗa a bakin lungu, ta durƙusa tana cika ƙwarya.

"Iya, ina kwana? Me ake yi haka?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Allah ya yi maka albarka. Rabona da samun rairayin suya mai kyau irin wannan tun ina da haƙora."

"Iya, wannan bakin teku ne."

"To madalla. Gyaɗata ba ta san teku ba, ita dai ta ji zafi."

Ta ɗora ƙwarya a ka ta tafi, ta kuma gaya wa duk masu suyar gyaɗar unguwa. Bayansu wani mai bugun ƙasa ya zo da buhu, ya ce irin wannan rairayin ne ke faɗar gaskiya. Kyanwoyin Dukawuya su ma suka gano wurin, suka mai da shi abin da kyanwa ke mai da rairayi. Dole Ashafa ya rufe rumfar dukancinsa ya dawo gadi da sanda, yana korar tsofaffi da ladabi, yana korar kyanwoyi da ashar.

Sai maganar gishiri. Ya je kasuwa ya sayo kantu uku, ya sa Larai ta ba shi turminta, ya daka da kansa yana haki, ya kwashe ya watsa a kududdufi. Ya sa gora ya dama, kamar mai kunu. Da yamma ya aika aka kira Isyaku da mutum biyar na majalisa, ya ɗebo ruwan a moɗa ya miƙa masa.

Isyaku ya leƙa moɗar. Ruwan kore shar, ga wasu ƙananan halittu suna iyo a ciki. Ya ce, "A'a. Mai teku shi ke fara ɗanɗanawa."

Ashafa ya dubi ruwan, ya dubi mutane. Ya san abin da ake zubawa a kududdufin nan, don shi ma yana cikin masu zubawa. Amma idon mutum shida a kansa, ina zai kai moɗar? Ya yi bisimilla, ya rufe ido, ya kurɓa har sau uku.

"Akwai gishiri?" in ji Isyaku.

Ashafa ya haɗiye da ƙyar. "Yana tafe."

Abin da ya taho daban ne. Kwana biyu Ashafa yana sintiri tsakanin ɗaki da bayan gida, Larai na dafa masa saiwar magani tana miƙa masa. Da ya samu kansa, ya yanke shawara cewa kududdufi ba ya jin gishiri, don haka ragowar garin ya barbaɗa shi a kan rairayi, ko banza wanda ya lasa ya shaida.

An kuwa lasa. Kafin azahar awakin unguwa sun ji labari, tumaki suka biyo, har da jakin wani mai itace da ya tsinke igiya. Suka yi layi suna lasar bakin tekun Malam Ashafa. Ya riga ya kafa ganyen giginya guda huɗu a matsayin bishiyar kwakwa, tunda a faɗarsa teku ba ya cika sai da kwakwa a gaɓa. Awaki suka haɗa da su. Ya bi wannan da sanda, wancan ya zagayo, wani bunsuru kuma ya ga mutum ya sunkuya ya ba shi abin da ya samu.

Daren Laraba aka yi ruwa mai ƙarfi. Da safe Larai ta kira shi ta nuna masa tsagar katanga, wadda a da sai tsinke, yanzu hannu na shiga.

"Malam, ka kira Ilu yau. Don girman Allah."

"Jibi. Gobe Juma'a, in na rufe bakin Isyaku, jibi da kaina zan kwaɓa laka."

Shi ruwan nan murna ya sa shi. Sama da kududdufinsa akwai wani rami mai zurfi da magina suka haƙa, tsakaninsu wata siririyar gaɓa da mutane ke takawa. Ruwan Laraba ya cika ramin nan maƙil, har ya fi kududdufin tudu da kusan tsayin mutum. Da Ashafa ya gani sai ya ce abin nema ya samu. In ya fasa gaɓar nan, ruwa zai gangaro ya hau rairayi a hankali, daidai yadda teku ke cikowa.

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, jama'a suka ɗunguma. Ba Dukawuya kaɗai ba, har daga Ƙofar Ruwa an zo, don labari ya zaga cewa wani baduku ya kawo teku birni. Aka cika hanyar tsallake, wasu suka hau katangun maƙwabta. 'Yardada ta kafa kaskonta tana sayar da gyaɗar da aka soya da rairayin mai gayya. Ilu magini ya zo ya tsuguna can gefe, bai kalli ruwa ba, katanga yake kallo.

Ashafa ya fito cikin babbar rigarsa ta idi, shuɗiya mai aiki, ya tsaya a kan abin da ya rage na rairayi, wanda yanzu rabinsa kashin awaki ne. Ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Jama'a, abin da kuke gani shi ake kira bakin teku. Nan ƙasa ke ƙarewa, ruwa ya fara."

Wani kwaɗo ya yi tsalle ya sauka kusa da ƙafarsa. Isyaku ya nuna shi da baki. "Wannan fa, daga Ikko ka taho da shi?"

"A teku ƙaguwa ce ke zama a nan. Wata halitta ce mai sulke da almakashi biyu, tana haƙa rami a rairayi, kuma a kaikaice take tafiya."

"Na gane. Irin tafiyar da ka yi ranar da ka sha ruwan."

Aka yi dariya, har da waɗanda ba su san zancen ba. Ashafa ya yi kamar bai ji ba, ya ce a kawo raƙuman ruwa. Dama ya ciro ƙyauren zaurensa, ya samo 'yan dako biyu majiya ƙarfi. Suka shiga ruwa har ƙugu, suka riƙe ƙyauren a tsaye, suka tura. Wata 'yar igiyar ruwa ta taso, ta zo ta lashi rairayi, ta kawo tsohon takalmi da mushen ɓera.

"Haka teku ke yi," in ji Ashafa da sauri. "Duk abin da aka jefa masa sai ya dawo da shi gaɓa."

"To wannan takalmin ɗinkinka ne," in ji wani daga tsallake. "Ga shi tun a ruwa ya rabu biyu."

Ashafa ya daka wa 'yan dako tsawa su ƙara ƙarfi. Suka ja baya, suka turo da iyakar ƙarfinsu, santsin taɓo ya kwashi ɗaya, ɗayan ya faɗa kansa. Ƙyaure ya kuɓuce, ya kwanta a kan ruwa, ya yi tafiyarsa tsakiyar kududdufi, kwaɗi biyu suka haye. 'Yan dakon suka fito baƙi ƙirin da taɓo, suka ce ko nawa za a ba su ba sa komawa.

Yanzu Ashafa ba shi da ƙofar gaba, kuma dariya ta fara yawa. Ya ga in bai fito da babban abin ba yanzu, shi ke nan an gama da shi a majalisa. Ya tattare rigarsa a kafaɗa, ya ɗauki dagi, ya hau gaɓar da ke tsakanin ramukan biyu.

Ilu ya miƙe tsaye. "Malam Ashafa, kada ka taɓa wannan."

"Zauna, Ilu. Yanzu wata zai yi aikinsa."

Ya soka dagi sau huɗu. Ruwa ya fara tsiyaya kamar daga butar alwala. Can ya ci gefe da gefe, ya zama kamar indararo, gaɓar ta zabtare, Ashafa ya yi tsalle da ƙyar ya tsira. Ruwa ya kwararo cikin kududdufi.

Sai ga abin mamaki. Ruwan kududdufi ya fara hawa rairayi a hankali, taki ɗaya, taki biyu, yana turo 'yar kumfa a gaba. Dariya ta tsaya cak. Mutanen da ba su taɓa ganin ruwa ya hau tudu da rana tsaka ba hadari ba suka saki baki. 'Yardada ta bar gyaɗarta tana ƙuna. Isyaku da kansa ya matso, ya daɗe yana kallo, ya ce a hankali, "To, zuwa dai ya zo."

Wallahi a duk rayuwar Ashafa bai taɓa jin daɗi irin na lokacin nan ba. Ya ji kansa ya yi girma har hular ta matse shi. Ya harɗe hannu a baya yana kai da komo a bakin ruwa, yana ja da baya kaɗan-kaɗan duk sanda ruwan ya matso, yana bayani yadda masunta ke jiran irin wannan cikowa kafin su tura jiragensu. Bai farga ba sai da ya ji bayansa ya taɓa katanga.

Rairayi ya nutse duka. Ruwa ya kai gindin katanga, daidai inda tudun nan yake a da, ya kwanta.

Ilu ya ce, "A kawo buhuna a toshe gaɓar can tun da sauran dama. Malam Ashafa, ka ce a toshe."

Isyaku ya ce, "A'a, ai saura rabi. Ya ce zai koma. Ashafa, yaushe zai koma?"

A nan ne Ashafa ya farga. Kwana goma sha uku yana shirin zuwan ruwa, ko sau ɗaya bai zauna ya yi tunanin komawarsa ba. Ya ba da labarin nan sau da yawa har ya manta cewa shi ruwan bai ji ba. Ya dubi katangar mahaifinsa, jar ƙasa ta fara yin duhu daga ƙasa. Ya dubi jama'a. Kalma ɗaya ce, a toshe, amma girman kai ya hana shi faɗa.

Ya ce, "Zai janye. Sai an yi haƙuri, ba a yi wa teku gaggawa."

"Wa zai ja shi?"

"Wata."

"Watan ya san da wannan kududdufin?" in ji Isyaku. "Ko a aika a gaya masa?"

Daga bayan katanga muryar Larai ta fito, ƙasa-ƙasa, don shi kaɗai. "Malam, ruwa ya ɓullo ta ƙarƙashi. Ya kusa murhu."

Ashafa ya amsa da ƙarfi don jama'a su ji. "Alama ce mai kyau. Daga nan sai janyewa."

Aka kira la'asar. Mutane suka je suka yi salla a gurguje suka dawo, kowa na tsoron kada ruwa ya koma ba ya nan. Ashafa a nan ya yi tasa a kan wani dutse, kuma ya daɗe a sujada fiye da yadda ya saba. Da ya sallame ruwa ya kai masa ƙauri. Gindin katanga ya jiƙe ya yi laushi, ɓarɓashin ƙasa na faɗawa ruwa ɗaya bayan ɗaya. Ilu ya cire hularsa ya riƙe a hannu, yadda ake yi in an ga abin da ba makawa.

Ashafa ya buɗe baki, ya ce, "Jama'a, ina ganin a tosh..."

Katangar ba ta yi wata ƙara ba. Ta ɗan karkata, ta durƙusa, ta zauna cikin ruwa kamar tsohuwar da ta gaji da tsayuwa. Da ƙura ta lafa sai ga tsakar gidan Malam Ashafa a fili. Ga turmi, ga randa, ga igiyar shanya ɗauke da wandonsa mai faci uku, ga Larai a gaban murhu da muciya a hannu, ba mayafi.

Wani ya ce subhanallahi. Isyaku ne ya fara juya baya, ya daka tsawa, "Kowa ya juya!" Nan take maza fiye da ɗari suka ba gidan baya, har da na kan katangu, waɗanda biyu daga cikinsu suka faɗo garin juyawa. Babu wanda ya yi dariya. Da a ce an yi, da ya fi wa Ashafa sauƙi.

Kunya ta rufe shi tun daga ka har ƙafa. Ya tuɓe babbar rigar idin, ya ratsa ruwa, ya hau kan ɓaraguzan katangar, ya buɗe hannuwa ya shimfiɗa rigar iya faɗinta, bayansa ga jama'a, fuskarsa ga matarsa. Larai ta jawo zane daga igiya ta yafa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta janye itacen da ruwa ya taɓa, ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

Ilu, yana kallon gabas, ya ce, "A je a toshe gaɓar can. Wani kuma ya nemo zana. Malam Ashafa, kada ka ce ban gaya maka ba, tubali ba ya bushewa da damina. Ginin nan sai kaka."

"Sai kaka," Ashafa ya maimaita, muryarsa ta zama ƙarama. Ya ɗan leƙo ta saman rigar. "Larai."

"Na'am."

"Ni fa ko yatsana ban sa a tekun Ikko ba. Daga gindin wata kwakwa na tsaya. Da na ga ya taso sai na ruga, ban tsaya ba sai bakin titi."

"Mun ji," in ji Isyaku daga tsallake, bai juyo ba.

Larai ta kwashe malmala ɗaya ta sa a akushi. "Wannan tsakaninka da majalisa ne, Malam. Ɗaga hannun hagu, ana hango tukunyata."

Ya ɗaga. Rigar ta sha ruwa daga ƙasa ta yi nauyi, kafaɗunsa suka fara rawa, sauro ya gano ƙafafunsa. Mai nemo zana ya tafi har Ƙofar Ruwa, shiru bai dawo ba.

"Larai, hannuna ya gaji."

Ta ɗago ta dube shi, tsamo-tsamo, daga shi sai 'yar shara da wando, a tsaye a kan ginin ubansa.

Ta ce, "Tsaya da kyau, Malam. Wadda ka kayar shekara arba'in ta yi a nan, ban taɓa jin ta ce ta gaji ba."